Tsohon Kofin Inna

Tun da aka fara cakuɗa garin tangaran cikin gilashi, kwalba ta daina fashewa, don haka Barira ba ta hana 'yarta Iklima wasa da kofin gilashi.

Ranar da suka je gaishe da Inna, mahaifiyar Barira, yarinyar ta rarumo wani tsohon kofin gilashi ta wurga. Ya tarwatse.

"Umma, ƙanƙara!" Ta miƙa hannu tana dariya.

Barira ta yi wuf ta cafke hannun. "Haba Inna, har yanzu kina ajiye waɗannan?"

"Kayan aurena ne fa, 'yar nan!"

Barira ta nuna wa Iklima tabon kwalba a tafin ƙafarta. Yarinyar ta shafa, ta duba tata ƙafar, sumul.

"Umma, nawa yaushe zai fito?"

Barira ta goya ta, ta ɗauki tsintsiya.

"Naki ba zai fito ba."