Dogo a Cikin Akwatin Gilashi

Ƙofar ta ce ƙas a bayansa, Dogo ko waiwaye bai yi ba, yana ta fama da wani tabon yatsa a jikin gilashi. Sai da ya gama gogewa ya juyo zai fita, ya laluba, wayam, babu mariƙi. To dama wa yake sa wa akwatin baje koli mariƙi ta ciki? Shi da kafinta suka haɗa akwatin nan, ya fi kowa sani.

Gidan adana zane-zane ne na jami'a, kuma dokarsa ɗaya ce ga ma'aikatan baya. Ka rataya, ka saita fitila, ka manna rubutun bayani da takardarsa a rufe yadda ya zo daga wurin bugawa, ka goge, ka ɓace. Madam shugabar gidan ta sha faɗa, duk wanda baƙo ya gani da kayan aiki ranar buɗewa, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Haka mai fenti ya tafi bara. Shi kuwa Dogo aikin nan kaɗai gare shi, ga matarsa da tsohon ciki.

Akwatin na wani mai zane ne da aka gayyato, ɗan siririn mutum mai fara'a. Cewa ya yi abin da zai saka a ciki sai ranar buɗewa zai iso. Mutumin akwai barkwanci, ranar da ya zo har tsayin Dogo ya auna da tef, wai irinku ai ba kwa buƙatar tsani. Shi ne ya ce a huda rufin akwatin, shi ne ya ce a ajiye 'yar kujera da gorar ruwa a ciki. Masu zane dai ba a tambayarsu dalili. Kuma yau da safe, ranar buɗewar, shi ya hango tabon, ya ce wa Dogo taimaka mana ɗan'uwa.

Dogo ya bugi gilashin, ya sake bugu. Mai kauri ne, shi da kansa ya zaɓo. Waya tana can sito cikin jaka, don ba a shiga wurin kaya da ita.

Sai ga babbar ƙofa an wangale.

Wurin da wataran a yini ba ka ga mutum biyar ba, yau ɗalibai kamar an kore su daga aji, kuma duk nan suka nufo. Dogo ya duba inda zai ɓuya, ina! Gilashi ta ko'ina. Ya ɗaga tsumma yana nuna musu ƙofa, suka sa tafi. Ya haɗa hannu yana roƙo, wayoyi suka ƙara tashi sama. Wani malami mai tabarau har gyaɗa kai yake, irin na ya gano wani abu mai zurfi. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, ga fitilun da ya saita jiya suna dukan tsakiyar akwatin daidai kansa.

Can aka dare hanya. Madam ce, mai zanen na gefenta. Dogo ya kai baki tsagar ƙofa.

"Madam, ki yi wa Allah ki yi haƙuri. Wallahi ƙofar ce ta rufe da kanta."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya gaban rubutun bayanin da ya manna a jikin gilashin tun shekaranjiya, ta kama gefen takardar ta ɓare a gaban baƙi, yadda take yi kullum. Wuri ya kaure da tafi.

Daga ciki haruffan a juye suke, sai da Dogo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Sunan aiki: Wanda Ba Ku Taɓa Gani Ba. An haɗa shi da gilashi, katako, da Dogo."