Hannun Sada

Tun da Sada ya dawo daga yaƙi hannunsa na dama ke rawa, ga shi aikinsa ɗaukar hoton majigi ne, kyamara a kafaɗa. Hotunan da ya ɗauko a kasuwar Birnin Kudu duk suka fito suna karkarwa, har shugabansa ya ce saura masa dama ɗaya.

Da la'asar ya isa zauren gidansu Zahara'u, wadda zai aura, a Gwaram, ya kasa haɗa ido da ita.

"Janyewa na zo yi," ya ce. "Ba zan kai ki gidan wanda ake shirin sallama daga aiki ba."

Ta shiga ciki ta fito da wani sassaƙaƙƙen itace kamar karkiya, da matashin fata da ɗamara.

"Baba ya sassaƙa, ni na ɗinka. Ƙirjinka zai ɗauki nauyin, Malam."

Ya ɗaura, ya ɗora kyamarar, ya leƙa. Fuskarta ta tsaya cak a cikin kyamarar, babu karkarwa.

"In bai yi ba fa?" ya tambaya a hankali.

"Sai mu sake wani. Janyewa kam ban karɓa ba. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."