Mai Neman Gabas

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka sallami Kyari daga aikin soja. Ran nan da la'asar ya zo soron gidan su 'Yardada a Madabo, ya sake tayar da maganar neman aurenta. Shi da mijinta Ilu suna cikin samarin karkarar Gezawa da suka shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ilu bai dawo ba, ita kuwa ta ƙi kowa.

Ta ƙura wa hasken da ke ratso asabari ido.

"Malam Kyari, kullum ina mafarkinsa cikin wani kurmi, yana ta juyi yana neman gabas. Yaya zan yi aure in bar shi haka?"

Kyari ya murza hularsa.

"Ni na haƙa masa kabari, a gindin wata kwakwa. Sai da na jira rana ta fito don kada in kuskure, sannan na kwantar da shi bisa damansa, fuskarsa gabas."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ta ja mayafi ta share ido. Can ta ce, "Baba yana shigowa bayan magariba. Kada ka tafi."