Kujeru Goma Sha Biyu

"Ka amsa laifin kawai," lauyar ta raɗa masa. "Shekara biyu ce. In ka ja, goma."

Direban babbar mota ne daga garin Toledo, ana tuhumarsa da satar da ita kanta ba ta yarda ya yi ba. Ya dubi kujeru goma sha biyun da ke gefen alƙali, inda mutanen gari kan zauna su yanke hukunci. Babu kowa.

"Su ina suke? Na ɗauka za su ji ta bakina."

"Kai da kallon talabijin! Da ƙyar shari'a biyu cikin ɗari ke zuwa gabansu."

Gaskiya ta faɗa, 'yan uwa, amma ba duka ba. Shari'u tamanin ke jiranta, ta gaji.

Alƙali ya tambaya ko an matsa masa ya amsa laifin. Direban ya kalli lauyar, ya ce a'a. Minti huɗu aka gama.

A ƙofa mahaifiyarsa ta tare ta da kwat ɗinsa na zuwa coci, an goge shi tsaf.

"'Yata, ina zai sauya? Ya ce yana so mutanen su gan shi a mutunce."

Ta karɓa. Har yau yana rataye bayan ƙofar ofishinta.