Tauraruwar Inna

"Tauraruwar nan ni ce," in ji Inna, tana bugun ƙirji.

'Yarta marigayiya ta bar littafin da ta rubuta kan yara masu tafiya a jirgin sararin samaniya. Inna ba ta iya karatu ba, amma ta ji cewa a kowane babi tauraruwa ke haska musu hanya. Maƙwabta har sun gaji da zancen.

Ƙanwar Inna, wadda ta karanta littafin, ta ƙunshe dariya. "Yaya, akwai kuma wani tsohon inji mai shegen surutu. Kowane babi sai ya ce, kun ci abinci? Ina rigar sanyinku?"

Maganar Inna ce sak.

"Ja'ira! To, yaya ya ƙare?"

"Da jirgin ya kama da wuta, wata yarinya cikin yaran ta bar komai. Shi kaɗai ta goya."