Rabin Ƙwaya

"Me ta sha?" nas ta tambaya karo na uku.

Budurwar da ke kan gadon sashen gaggawa jikinta ya yi zafi rau, haƙoranta a datse. Daga wurin fati aka kwaso ta. Abokai suka ajiye ta a ƙofa suka tsere, sai ƙawa ɗaya ta tsaya, takalmanta a hannu.

"Anti, wallahi lemo ne kawai."

"Ƙanwata, ni ba 'yar sanda ba ce. In kika ɓoye mana, gawa za ki raka gida."

Ƙawar ta fashe da kuka. Wata ƙwaya ce, in ji ta, ba suna, ba kwali.

Nas ta ƙara wa budurwar ruwa, ta jera mata ƙanƙara a jiki, tana kallon bugun zuciyar yana ta hauhawa. Iyakar abin da za su iya ke nan, gadon ma shi ne na ƙarshe da ya rage musu a sashen.

"Amma Anti, rabi fa ta sha."

"Sauran rabin fa?"

Nas ta waiwaya. Gumi na ɗiga daga haɓar ƙawar, muƙamuƙinta ya fara rawa, haƙoranta na datsewa irin na wadda ke kan gadon.