Askar da Ta Ƙoshi da Dutse

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa wanzami ke ajiye dutsen washi a zabirarsa, ga kuma guntuwar fata, alhali duk kaifi ɗaya ake nema? To, ga misali.

Wani wanzami ne ya gaji askin wani babban gida daga mahaifinsa. Aka yi haihuwa a gidan, aka aiko masa ya zo askin suna, kuma wannan ne karon farko da zai je shi kaɗai. Ya san idan hannunsa ya yi kyau gidan ya zama nasa, idan ya kuskure akwai wanzamai a gari suna jira. Da hantsi ya zauna ya ɗiga wa dutse ruwa, ya kwantar da aska, baki a gaba, yana ja a hankali. Ya gwada a gashin hannunsa, gashi ya zube. Ai ka ga aiki ya ƙare, saura ya goga ta a fata. Amma sai ya tuna taushin maɗigar jariri, ya ce a ransa wannan kaifin na kan manya ne. Ya koma kan dutse, ya danna, ya ƙara dannawa, har aka aiko cewa jama'a na jira. Fata kuwa ko kallonta bai yi ba; a ganinsa me fata za ta ƙara wa abin da dutse ya gama?

Da ya isa gidan, kakar jaririn ta riƙe kan yaron, ya yi bisimilla ya ɗora aska. Maimakon ta zame sai ta riƙa cijewa tana jan gashi. Yaro ya tsandara ihu, ga ɗigon jini a bayan kunne. Tsohuwa ta janye jikanta ta ce, "Wanzami, aski muka kira ka, ba tsaga ba. Allah ya ji ƙan babanka." Nan take aka aika kiran wani. Da ya koma gida abin ya ƙi barin ransa: yaya askar da ta sha dutse haka za ta ƙi ci? Ya ɗaga ta a rana, ya juya, ya sake juyawa. Sai ya ga bakin ya yi siriri kamar ɓawon albasa, har ya lanƙwashe gefe guda. Ashe dutse cin ƙarfe yake yi, fata ce ke miƙar da baki ta kwantar da shi. Ya koma kan dutse ya gyara ta da sauƙin hannu, ya ja ta a fata, ƙeya a gaba, ta dawo tana tsinke gashi tun kafin ta taɓa jiki. Sai dai gidan ya riga ya yi sabon wanzami.

Saboda haka, ɗan'uwa, duba abin da ke hannunka yau. In ya gyaru, don Allah ɗauke shi daga kan dutse, kada garin neman ƙiba ka samo rama.